Ƙusar da Na Goge wa Baba Markus

Jiya ɗaya daga cikinku ya miƙo mini waya ya ce, "Baba Ƙyalli, kalli nan. Ashe dashen haƙori ba wani abu ba ne. A huda ƙashi, a murɗa ƙusa, a ɗora haƙori. Ko kafinta zai iya." Na kalli hoton tare da shi har ya ƙare, bai cika minti biyu ba. A lokacin hannuna na cikin filasta. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da makaranta ke turo mana kowace shekara ku koyi haɗa haƙori. Kuna zuwa da farar riga da ta fi tawa haske, ku gama watanninku ku tafi, ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke cikin gwangwanin man zafin nan na kan teburina.

Ƙusa ce guda ɗaya a ciki, tsawonta bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, tana ƙyalli kamar sabon cokali. Ni na goge ta. Duk tsawon aikina ban yi gugar da ta kai ta kyau ba, ban kuma yi ɓarnar da ta kai ta girma ba.

Aikin farko da aka taɓa ba ni shi ne goge haƙorin Makka na wata Hajiya, a rumfar Kawu Sule da ke Tudun Wada. Kawu maƙerin zinariya ne da azurfa, kamar mahaifinsa da ya biyo layin dogo daga Kano ya zauna a Minna. Yana yin 'yan kunne da zobba, amma abin da ya fi kawo masa mutane shi ne gyaran haƙorin Makka, na waɗanda suka je, da na waɗanda suke da niyyar zuwa. Shekara uku bai bar ni na taɓa wuta ba, guga kawai nake yi. In na ce na gama, sai ya tsinko auduga ya ja ta a kan abin a hankali. In ko zare ɗaya ya maƙale, sai ya ajiye mini a gabana ba tare da ya dube ni ba.

"Idi, abin da ya riƙe auduga zai riƙe tuwo," in ji shi. "Abin da ya riƙe tuwo zai yi wari. Ka fi so a ce bakin Hajiya na wari saboda kai?"

Kuma gaskiyarsa ce. Bayan na bar rumfa na shiga ɗakin haɗa haƙora na asibitin gwamnati, aka tura ni kwas na dawo, abin da littafi ya ce shi ne abin da Kawu ya ce, sai dai da Turanci. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: cokalin ɗaukar awon baki, filasta, jan kaki, wuƙar kaki, fitilar sifirit, da injin guga mai ƙafafun tsumma, da garin dutse, da jan sabulun da ke fito da ƙyalli. Na yi wa mata haƙoran roba da wushirya, don sun ce ba za su karɓa ba sai da ita. Na yi wa wani dattijo ɗan kasuwar Beji waɗanda na rina da launin goro, don kada abokansa su gane. Kowane na fitar sai ya sha auduga tukuna. A nan aka laƙaba mini Idi Mai Ƙyalli, ni kuma na karɓi sunan hannu bibbiyu. Da na yi ritaya, Dakta Asabe, wadda na sani tun tana sabuwar likita, ta ɗauke ni a ƙaramin asibitin haƙorin da ta buɗe.

Haƙoran roba huɗu na sama, na gaba, su ne aikin da ya haɗa ni da Baba Markus. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, Bagwaren Beji, ya yi ritaya ya koma noman doya. Wata rana yana tayar da injin niƙa, hannun injin ya kuɓuce ya doke shi a baki. Na yi masa awo, na haɗa, na goge, ya duba madubi ya ce ko matarsa ba za ta gane ba. Bayan mako biyu sai ga shi da haƙoran a naɗe cikin hankici.

"Malam Idi, abin nan yana da kyau, amma ba ya jin begila."

Na ce wace begila? Ya zaro ta daga jaka, ta tagulla, duk ta lotsa saboda tsufa. Ya nuna mini yadda ake yi: bakinta na danne leɓe, leɓe na danne haƙoran gaba, sannan a tura iska da ƙarfi. Da ya gwada a coci, roba ta tuntsura ta faɗo masa a kan harshe a gaban jama'a.

Sai ya ba ni labarin da ya sa abin ya dame shi. Tun suna samari, su bakwai ma'aikatan reluwe suka haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa. Suka yi alkawari duk wanda ya rasu, sauran za su raka shi kabari da busa da ganga. Biyar sun tafi, kowanne an busa masa. Saura shi da Baba Ishaya mai ganga, wanda ciwo ya fara kwantarwa.

"In Ishaya ya tafi, ni ne zan busa. Babu wani. To da wane baki?"

A wannan shekarar ce Dakta Asabe ta dawo daga kwas da ƙusoshin dashe. Ƙarfensu shi ake kira taitaniyam, mara nauyi, ba ya tsatsa, jiki ba ya faɗa da shi. Kowace na zuwa a cikin 'yar kwalbarta a liƙe, ba a buɗewa sai an huda ƙashi. Ta ce za ta kafa masa biyu, dama da hagu, a jira ƙashi ya kama su, sannan ni in haɗa haƙora huɗu a jere in ɗora a kansu kamar gada. Nawa aikin na sama ne. Abin da ke shiga ƙashi ba ruwana da shi, kuma ba wanda ya ga dalilin yi mini bayaninsa.

Ranar aikin ta shirya komai, ta yi masa allura, har ta buɗe kwalba ɗaya, sai ya ce jiri yake ji. Ashe bai sha maganin hawan jininsa ba. Ta fasa kafin ta taɓa shi da wuƙa, ta ce ya dawo mako mai zuwa. Ƙusar da aka buɗe kuwa, likita ba ta da wata mai irin tsawonta, sai ta sa ta a tasar ƙarfe ta ce a turara ta a ajiye.

Washegari da safe na riga kowa zuwa, na ga tasar. Wannan ne ganina na farko da ƙusar dashe a waje da kwalba. Toka-toka ce, ba haske ko kaɗan, na shafa farce na ji kaushi. Na ce a raina, ruwan famfonmu ne ya ɓata ta, don kun san farin dattin da yake barin wa tukunyar turara kaya. Na tsinko auduga na ja. Ta maƙale daga sama har ƙasa. Na ce subhanallahi, wannan za a sa wa bawan Allah a baki?

Na zauna da ƙaramin buroshi da garin dutse, na bi zaren ƙusar ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi taurin kai, wani farin gari yana ta fita, ni kuwa ina jin daɗi datti na barin ta. Na gama da jan sabulu. Auduga ta wuce sumul. Na wanke, na turara, na liƙe a leda na ajiye inda aka ce. Ban gaya wa kowa ba, don ba a zuwa a ce wa mai gida an share ɗaki.

Aka yi aikin lafiya. Ta hagu daga kwalba ta fito, ta dama tawa ce. Aka ɗinke dasashi a kansu, aka ce sai bayan wata huɗu.

Da lokaci ya yi, likita ta buɗe su. Akwai gwajin da ake yi, a ƙwanƙwasa kan ƙusa da gindin madubi. Ta hagu ta ce ƙal, kamar an taɓa dutse. Ta dama ta ce dum. Ta sa makulli za ta gwada ƙarfinta, sai ƙusar ta juya. Da ɗan hantsaki ta ciro ta, ko zafi bai ji ba, wani nama mai laushi ya naɗe ta maimakon ƙashi. Ta ɗauraye ta, ta shigo ɗakina tana jujjuya ta a ƙarƙashin fitila.

"Baba Idi, zo ka ga abin mamaki. Kamfani sun sayar mini da ƙusa babu shafe a jikinta. Dubi, fes take."

"Ai ni na goge ta," na ce.

Wallahi da alfahari na faɗa. Sai da na ga yadda ta nemi kujera ta zauna, sannan na gane na yi ɓarna.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kaushin nan da farin garin nan su ne dukan dabarar, su ƙashi ke kamawa, ni kuma na kankare su tas. Ta ce laifin nata ne kafin nawa, don ƙusar da aka buɗe ba a sake amfani da ita, kuma ranar aikin ta ga tana sheƙi ta ɗauka ruwan gishiri ne. Sannan ta nuna mini hoton ƙashin. Ramin dama ya faɗaɗa, siririn bangon gaba ya narke. Sai an cike wurin da garin ƙashi an jira wata shida, a sake kafawa a jira wata huɗu. In wannan ma ta ƙi, babu sauran ƙashin da za a gwada ta uku. Ƙusa ɗaya kuma ba za ta ɗauki haƙori huɗu da begila ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarata a wannan sana'a. Magana ta bazu a gari cewa ƙarfen likitar nan fita yake da kansa. Waɗanda suka rubuta suna don dashe suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ta kulle kwabar ƙusoshin ta sa makulli a jakarta. Da ta kore ni da na fi samun sauƙi, amma kullum sai ta leƙo ta ce, "Baba Idi, an tashi lafiya?" Ga wani abu kuma da ya hana ni sakat ban da kunya: ban gane ba. Shekara arba'in ana gaya mini santsi shi ne tsabta. Ta yaya ƙashin mutum zai ƙi abu mai kyau ya rungumi mai kaushi?

Ta riga ta gaya wa Baba Markus cewa kuskure daga wurinmu ne, amma ba ta kira sunana ba. Na ga bai kamata in ɓuya a bayan mace sa'ar 'yata ba. Ran wata Asabar na hau mashin na tafi Beji da ƙusar a aljihu. Na same shi a gindin mangwaro yana yanka irin doya. Begila na rataye a bakin ƙofa, ta fara yin kore.

"Mai Ƙyalli! Lafiya? Ko roba ne ya yi kewa na?"

Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya miƙo hannu, na ɗora masa ƙusar. Ya murza ta da yatsa, ya ɗaga ta sama ya duba.

"Ɗayan da ya kama fa, yaya jikinsa?"

Na ce toka-toka, da kaushi, kamar an watsa mata yashi. Sai ya fashe da dariya, yana rufe giɓinsa da hannu, har da tari.

"Kai, Malam Idi! Ka yi wa jirgi santsi! Ji nan. In damina ya zo, dogo ya jiƙe, yana walƙiya kamar madubi, gwanin kyau. Ka zo hawa da kaya, ka ba inji wuta, ƙafa yana ta juyawa wuri ɗaya, jirgi ba ya zuwa ko'ina. Akwai akwati a jikin inji, yashi ne cike. Ka ja hannu, yashi ya zuba gaban ƙafa, sai ka ji shi, gam, ya kama. Mutumin da ya yi ƙusan nan ya san yashi. Kai ne ba ka taɓa jan jirgi ba."

Abin da likita ta faɗa mini da hoto ban gane ba, a gindin mangwaron nan ya shige ni. Amma dariyarsa ba ta daɗe ba. Ya maido mini da ƙusar ya ce shi ba ya fushi, hannun da ya saba aiki ba ya tambaya. Sai dai yaran Ishaya sun ce likitansa bai ba shi shekara ba.

"Wata goma kuka ce, ko? To. Gaya wa Madam Dokta ina zuwa. Amma kai a ɗaure hannunka."

Tun daga ranar na zama ɗan makaranta da furfurata. Na roƙi Dakta Asabe ƙusoshin da kwanansu ya ƙare, ta ba ni uku. Na kai su ɗakin gwajin jini da ke maƙwabtaka da mu, muka ɗora a madubin da suke duba zazzaɓi da shi, muka haska da tocila ta gefe. Jikin mai shafen kamar cikin burodi yake, rami cikin rami, ko'ina wurin riƙewa. Na ɗora tawa. Fili ne fetal, ga kuma wasu jajayen ɗigo a can ƙasan zaren. Na daɗe ina kallo kafin na gane sabulun gugata ne. Ashe ko tsabtar da nake taƙama da ita babu. Auduga ba ta gani ba, tururi bai cire ba, a cikin ƙashin Baba Markus ya yi wata huɗu.

Gwajin zoɓo kuwa ni na ƙirƙiro shi, a kan abincin rana. Na ɗiga zoɓo a kan faranti, na tsoma bakin tawa ƙusar. Ya tsaya inda yake, ya dunƙule. Na tsoma wata mai shafe da ta zo jiƙe cikin ruwan gishirin kwalbarta, sai na ga jan ruwan yana hawa zaren da kansa, zagaye bayan zagaye, har wuya. Na kira likita da ƙarfi har ta zaci gobara ce. Ta tsaya ta kalla, karo na farko a watanni na ga ta yi murmushi na gaske.

"Haka jini ke yi, Baba Idi. Shi ke fara zuwa. In ya daskare yana yin zare kamar saƙar gizo, zaren ya maƙale a ramukan nan, masu gina ƙashi su bi ta kansa su iso jikin ƙarfe. In santsi ne, gudan jinin na tsukewa ya saki, nama ya riga ƙashi shiga. In nama ya shiga kuwa, an gama."

Daga nan kullum da tambayar da nake tare ta da ita. Na ji cewa wasu ƙusoshin yashi ake harba musu sannan a tsoma su a ruwa mai cin ƙarfe. Wasu wuta ake ba su ta lantarki har fatarsu ta yi ƙofofi. Irin wadda na ɓata kuwa, gari ake fesa mata da zafi mai tsanani, garin da sinadarinsa ɗaya ne da na ƙashi, don ƙashi ya ɗauka ɗan'uwansa ne. Na tambaye ta, kafin a gano wannan fa? Ta ce ƙusoshin farko ba su da shafe, kuma suna kamawa in an ba su dogon lokaci a muƙamuƙin ƙasa mai tauri. Na sama ne mai laushi, shi ke bukatar taimako, balle an haɗa masa da sabulu. Na ce to a ƙara kaushin mana, a yaɓa garin da kauri. Ta ce in ya yi kauri ɓamɓarewa yake. In kuma dasashi ya ja baya kaushin ya fito fili, ƙwayoyin cuta sun sami gida, buroshi ba ya fitar da su.

Kun ga ashe Kawu Sule bai yi ƙarya ba. Dokarsa tana nan daram, amma iyakarta wuyan ƙusa. Daga nan zuwa sama, inda miyau da tuwo suke, a goge har auduga ta wuce. Daga nan zuwa ƙasa kada ko safar hannu ta taɓa. Har yau ina mamakin yadda ƙashi, ba ido ba yatsa, yake tantance abin da ni sai da madubi na gani. Na tambayi likitoci uku, kowa ya ba ni rabin amsa.

Ranar kafa ta biyu ta ce in shigo in gani. Aka sa mini riga da hula, na tsaya a bango. Baba Markus ya leƙo ni ta gefen ido ya ce, "Hannu a baya." Na mayar da su baya. Aka fasa kwalba a gabana, ƙusa ta tashi daga ciki zuwa rami ba ta taɓa komai ba. Da bakinta ya taɓa jini, na ga ya hau zaren kamar zoɓon nan.

Jira ne ya fi wuya. A wata na uku Baba Ishaya ya daina cin abinci sai kunu. Baba Markus ya zo ba ranar ganinsa ba, ya tsaya a gaban likita da hula a hannu.

"Madam Dokta, don Allah sa mini haƙoran yanzu. Ko sau ɗaya in busa, in ya fita ya fita."

"Baba, ka yi haƙuri. In na ɗora mata nauyi yau, na rasa ta, kuma ba ni da inda zan sa wata. Saura mako huɗu."

"Ishaya ya san mako huɗu?"

Ba ta canza magana ba. Ya shigo ɗakina ya zauna a benci kusan awa guda. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san watannin da na cinye masa su ne waɗannan. Da zai tafi ya ajiye mini jaka a kan tebur.

"Ga wannan, tun da hannunka yana ƙaiƙayi."

Begila ce. Na goge ta har kana ganin gemunka a jikinta. Bakinta kuma ya yi mini amfani, don da shi na gwada fuskar haƙoran a kan filasta, na daidaita na tsakiya biyu yadda zai zauna ba tare da ya danne ɗaya fiye da ɗaya ba. Wannan ba ya cikin wayarku.

Mako huɗu suka cika, Baba Ishaya na nan da rai. Ta ƙwanƙwasa ta hagu, ƙal. Ta ƙwanƙwasa ta dama. Ƙal. Na ji shi daga bakin ƙofa. Aka ɗauki awo, na kwana biyar a kan gadar, na ja auduga a kowane lungu nata. Ranar da aka ɗaure masa ita, likita ta ce ya bi a sannu, ya ba bakin mako biyu kafin ya busa. Ya ce to, to, ya gode. Muna fita waje ya rataya jaka ya ce, "Malam Idi, tayar da mashin."

Gidan Baba Ishaya na can wajen tsofaffin gidajen reluwe. Muka same shi kwance a gadon ƙarfe kusa da taga, ya rame ƙwarai, 'yarsa na yi masa fifita. Ya buɗe ido ya ga begila.

"Markus, ka yi sammako. Ban mutu ba tukuna."

"Na sani. Wanda ya mutu yana ji ne? Kwanta ka ji abinka."

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya lashi leɓe, ya ɗora. Sautin farko ya fashe kamar kukan akuya. Ya sauke, ya taɓa haƙoran da babban yatsa, ya girgiza su. Ba su motsa ba. Ya sake ɗorawa, wannan karon ta fito a miƙe, doguwa, har yara suka taru a taga. Ni ban san waƙar ba, bakinsa kawai nake kallo. Sai na ji wani ƙas-ƙas a gefe. Baba Ishaya ne ke buga ƙarfen gado da zoben hannunsa, yana bin busar.

Baba Markus ya sauke begila. 'Yar tana share ido da gefen zane. Baba Ishaya ya numfasa ya ce, "Ka yi sauri a ƙarshe. Tun muna yara kana sauri. Ranar ka bi a hankali."

Bayan kwana tara aka aiko mini cewa Baba Ishaya ya rasu. Na je maƙabartar na tsaya a baya tare da maƙwabtansa Musulmi. Aka gama addu'a, fasto ya ja gefe, Baba Markus ya fito shi kaɗai, ba ganga a bayansa. Ya ɗora begilar a kan haƙoran nan huɗu ya busa wa abokinsa. Da ya zo ƙarshe, ya bi a hankali.